Na saba da tafiyar Azawak, zan iya bin bakin tekun Muritaniya da ƙafa?

Wani saurayi ɗan Tawa ne ya aiko da tambayar. Ya ce: "Kawu, na tashi ina bin dabbobi tsakanin Abalak da Cintabaraden, tafiyar kwana uku da ƙafa ba komai ba ce a wurina. Yanzu bida ta kai ni Nuwakshot. Ina son in bi bakin teku in yi arewa, inda babu gari babu mutane, har in kai wurin tsuntsayen nan da kake ba mu labari. Abin da na sani na daji ya isa?"

Ɗana, rabinsa ya isa. Sauran rabin kuwa shi ne zai cuce ka, don zai sa ka ɗauka ka san wurin alhali ba ka san shi ba. Ba zan ce kada ka je ba, ba a ƙwace wa yaro garma. Amma bari in gaya maka abin da na gani da idona. Na yi shekaru a aikin gandun daji, kowace Janairu muna ƙidayar tsuntsayen ruwa a tabkin Tabalak da bakin kogin Isa, wato kogin Neja, kuma wannan aikin ne ya kai ni waccan gaɓar har sau uku.

Wurin da kake nufi shi ne Banc d'Arguin, ana furta shi Ban Dargen. Gandu ne da Muritaniya ta keɓe a 1976, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu rabi ruwa, yana tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Daga Nuwakshot zuwa Mamgar, ƙauyen da ke ƙofarsa ta kudu, kimanin kilomita 150 ne in ka bi gaɓa. Kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin manyan biranen biyu a tsakiyar shekarun 2000, wannan rairayin bakin tekun shi ne hanyar mota. Direba kan zauna ya jira ruwa ya janye sannan ya taka, in ya makara kuwa teku ta ci motar. Tun daga nan za ka gane wanda ke da iko da hanyar.

A Azawak rana ce ke ba ka lokaci. Ka yi sammako, ka huta da hantsi ya yi zafi, ka tashi da la'asar. Ƙasar da ka taka jiya tana nan yau. A bakin teku wata ne ke ba ka lokaci, kuma hanyar kanta zuwa take yi ta tafi. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini da dare, abin da ake kira mare da Faransanci. Tsakanin cikowa ɗaya da ta gaba awa 12 ne da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. In yau ruwa ya kai ƙarshen janyewa da ƙarfe takwas na safe, gobe sai tara saura, bayan kwana shida kuwa ya koma wajen ƙarfe ɗaya na rana. Mutumin da ya lura da lokacin sau ɗaya ya riƙe shi a ka har mako, ya riƙe ƙarya.

Mu da muke lissafin watan Musulunci muna da sauƙi a nan. Daga tsayuwar wata zuwa kwana uku, da kuma daga 14 zuwa 17, rana da wata suna jan ruwa ta layi ɗaya, sai teku ta cika fiye da kullum, ta kuma janye fiye da kullum. Wajen 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 motsin nata kaɗan ne. Amfanin sanin wannan yana wurin zango. Inda ka kwana lafiya ran takwas ga wata, ran sha biyar ruwa na iya tashinka a wurin da tsakar dare. Kafin ka shimfiɗa tabarma ka nemi layin sharar da teku ta tofar, ciyawar ruwa da gorunan roba da guntayen igiya. Ba layi ɗaya za ka gani ba. Ka nemi na can sama, wanda ya bushe ƙayau, ka wuce shi, ka hau bayan tudun rairayi sannan ka sauke kaya.

Akwai wani lissafi na masu jirgi da nake so ka haddace. Ka raba ruwan da zai ciko gida goma sha biyu. A awar farko kashi ɗaya ke zuwa, ta biyu kashi biyu, ta uku uku, ta huɗu uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. Ka ga rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Awar farko ita ce mai yaudara, sai ka duba ka ce ai wannan ruwan rarrafe yake yi.

Ni ma haka na ce. A zuwana na farko jirgi ya ajiye mu a kan wani fili na laka, kusa da tsibirin Tidra, ruwa ya janye har ido ba ya ganin ƙarshen filin. Na kafa madubin hangen nesa ina ƙirga tsuntsaye, fuskata tana wajen teku, ina cewa in ta taso zan gan ta. Ni ɗan bakin Isa ne, kogin da ke ɗaukar makonni kafin ya hau taku ɗaya a Yamai. Ashe a irin wannan shimfiɗaɗɗen wuri ruwa ba ta gaba yake zuwa ba. Yana bin ƴan kwaruruka ne ya zagaya ta bayanka, ya cika su, ya mayar da inda kake tsaye tsibiri. Ihun mai jirgin ne ya sa na waiwaya. Kwarin da na tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, na komo na ratsa shi ruwa iya ƙirji, madubin gwamnati a kaina kamar mai tallar fura, laka tana riƙe mini ƙafa. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Shayi ya miƙo mini, ya nuna mini tsuntsayen da suka fara tashi suna komawa tudu tun ɗazu. Su nake ƙirgawa, amma ban karanta abin da suke faɗa ba. Tsayin ruwan a wurin bai taka kara ya karya ba, bai cika wuce mita biyu ba ko a babbar cikowa. Shimfiɗar ƙasar ce ke sa wannan ɗan tsayin ya rufe kilomitoci cikin ɗan lokaci.

Saboda haka ka nemi jadawalin mare kafin ka fita, ka kwafe shi a takarda da biro, kada ka dogara da waya. Ka tuna agogon Muritaniya yana bayan namu da awa ɗaya. Ka kuma sani jadawalin tashar Nuwakshot ba zai yi daidai da cikin gandun ba, don ruwa yana jinkiri a tsakanin tsibirai, masunta ne suka san bambancin kowane lungu. Lokacin tafiyarka shi ne daga awa biyu ko uku kafin ƙarshen janyewa zuwa awa biyu ko uku bayansa. A lokacin rairayin da ruwa ya bari yana da tauri kamar daɓe, za ka ci kilomita huɗu ko biyar a awa. Da ruwa ya ciko zai tura ka sama cikin busasshen yashi, inda ko biyu ba za ka ci ba sai da haki.

Sai maganar ruwan sha, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro game da kai. A daji ba mai koya maka tattalin ruwa. Amma can idonka zai wuni yana kallon ruwa, iska mai sanyi tana kaɗa ka, gumi yana bushewa kafin ka ji shi. Ruwan tekun wurin yana da sanyi, saboda wata igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari da kuma ruwan ƙarƙashi da ke tasowa sama, shi ya sa gaɓar ta fi cikin ƙasa sanyi nesa ba kusa ba. Ƙishin da ke yi maka gargaɗi a Azawak, a nan shiru yake yi har sai kai ya fara sarawa. Kada ka jira shi. Ka duba fitsarinka, in ya yi ja kamar shayi ka riga ka makara da sha.

Ruwan teku kuwa ko kurɓa ɗaya kada ka haɗiye da sunan kashe ƙishi. Kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ƙodar ɗan Adam kuma ba ta iya fitar da fitsari mai gishiri haka, sai ta ƙara da ruwan jikinka kafin ta fitar da wanda ka sha. Amma yana da wani amfani da mutanenmu kan manta: ana alwala da shi. Hadisi ya tabbata cewa teku ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Ka yi alwala da wanke kwano da shi, na bido ya zama na ciki kawai. Sai dai in za ka yi salla ka hau tudu, don a gaɓar nan in ka fuskanci alƙibla teku tana bayanka ne, ba za ka ga raƙumin ruwan da ya fi ƴan'uwansa ba.

Yanzu yi lissafi da kanka. Kilomita 150, in ka ci 25 kullum, kwana shida ke nan. Ni ban yarda mai tafiya ya sha ƙasa da lita biyar a yini ba, har da na shayi da dahuwa. Lita 30 kilo 30 ne, ban da guzuri da bargo. Babu rijiya a hanyar da za ka dogara da ita, in ka tona rami kusa da gaɓa ruwan zartsi za ka samu. Akwai ƴan sansanonin masunta nan da can, amma su ma motar tanki ke kawo musu, saye suke yi da tsada, wani sansanin kuma za ka tarar an tashi. A cikin gandun an kafa wa wasu ƙauyuka injin tace ruwan teku, inji kuwa ka san halinsa. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna maka tafiyar ba ta mutum ɗaya da jaka a baya ba ce.

An taɓa yin ta dole, ba don sha'awa ba. Ranar 2 ga Yuli 1816 wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Meduz, ɗauke da mutum kusan 400 za su Sanluwi ta Senegal, ya kafe a kan rairayin Ban Dargen ɗin nan. Labarin da duniya ta fi sani shi ne na mutum 147 da aka ɗora a kan katakai da aka ɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai. Wanda ya shafe ka shi ne na waɗanda kwale-kwalensu suka kai gaɓa, suka kama tafiya kudu da ƙafa, teku a dama hamada a hagu. Ƙishi ya kashe wasu, sauran kuma ba su kai Sanluwi ba sai da taimakon makiyayan wurin da suka san inda ruwa yake. Shekara 200 sun wuce, gaɓar ba ta ƙara rijiya don kowa ba.

Wani tarkon shi ne sabka. In yashi ya gajiyar da kai za ka hango fili a gefen tudu, fari fat, shimfiɗe kamar filin idi, zuciya ta ce ka yanke ta nan. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ɓawon gishiri ne a sama, ƙarƙashinsa baƙar laka mai santsi, wani wuri ta kai gwiwa wani wuri ta wuce. In ka taɓa zuwa Tigidan Tesum bayan ruwan sama ka san irinta. Bayan babbar cikowa ta fi muni, don ruwa yana jiƙa ta ta ƙasa saman yana bushe. Ka bi sawun mota ko na raƙumi, in babu sawu ka zagaya. Ƙafa ta nutse kuwa, kada ka yi ta fizga a tsaye. Ka yar da kaya, ka kwanta ka baje jikinka, ka zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ka koma ta inda ka fito.

Ƙafarka da ta yi kanta a daji ma sai ka lura da ita. Ruwan gishiri yana tausasa fata, yashi ya shiga tsakaninta da takalmi ya yi ta gurza, kwana biyu sai bororo ya fashe, gishiri ya shiga. Tafiya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen rairayi tana da daɗi na ɗan lokaci, amma akwai ɓawon katantanwa mai kaifi kamar aska, musamman a cikin laka. Ni takalmin roba mai rufe yatsu nake sawa in zan shiga ruwa, in na fito in share ƙafa ta bushe sarai kafin in sa na tafiya. Gaɓa kuma a karkace take, ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa da ɗaya, da yamma za ka ji shi a gwiwa da ƙugu. In za ka ratsa ruwa mara zurfi ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, yana da ƙaya mai dafi a wutsiya. In ya ji motsi gudu yake yi, in ka taka shi ne yake sara. Wanda kifin ya sara, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure, a daɗe, zafi yana karya dafin, sannan a nemi likita.

Wanka kuwa, na san ku ƴan Adar, kowa ya je Lome ko Kwatano sai ya ɗauki hoto ruwa iya gwiwa. Can akwai mutane. A nan in ruwa ya ja ka babu mai gani. Wurin da ka ga ya yi lumui tsakanin raƙuman ruwa, sau da yawa nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Ba ka iya iyo ba, kada ka wuce gwiwa.

Rawaninka zai yi maka aiki kamar a gida, ka ƙara da baƙin tabarau don hasken da ruwa da farin yashi ke mayarwa ido. Dare yana da sanyi da raɓa mai jiƙa bargo, ka sa kayan kwana cikin leda. Iska galibi daga arewa take busowa, da ƙarfi, tana ɗauke da yashi. Kai kuma ka ce arewa za ka yi, wato za ka wuni kana tunkarar ta. Ka juya tafiyar: mota ta kai ka arewa, ka gangaro kudu iska tana tura ka. Diloli suna yawo a gaɓar da dare suna neman mushen kifi, ba ruwansu da kai, amma kilishi da takalmin da ka bari a waje ba za ka tarar da su ba.

Akwai maganar da Bature mai yawon buɗe ido ba zai gaya maka ba, don shi ba ta shafe shi ba. Wannan gaɓar hanya ce ta kwale-kwalen masu ƙetarawa zuwa Kanari, ƙasar Sifen, kuma hukumomin Muritaniya sun tsananta tsaro a kanta. Baƙar fata, saurayi, baƙo, da jaka a baya, yana bin bakin teku ya nufi Nuwadibu: ka san abin da jandarma zai ɗauka tun kafin ka buɗe baki. Ka tabbata takardun zamanka sun cika. Ka buga kwafi da yawa na takardar bayanan fasfo da ake miƙawa a kowane shinge, wadda suke kira fish. Ka shiga gandun ta hanyar ofishinsa, ka biya kuɗin shiga, ka riƙe rasit, sunanka ya kasance a rubuce a wani littafi. Wajen biyan kuɗi kuma ka riƙa tambaya tsohuwar ugiya ake nufi ko sabuwa, don tun canjin 2018 goma ta koma ɗaya amma bakin mutane bai bar tsohon lissafi ba.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. In zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. In hau mota zuwa Iwik, wani ƙauye a cikin gandun, ko Mamgar, in sauka wurin Imragen, masuntan da su kaɗai aka yarda su yi su a cikin gandun, da jiragensu na katako masu tafiya da iska, don an hana inji a ruwan. Da ɗan gari akan ci gari. Hasaniyya suke yi, in kunnenka ya saba da larabcin mutanen Tasara za ka tsinci abin da ya ishe ka gaisuwa da ciniki. In yi kwana biyu ina fita da safe ina komowa, ina kallon ruwa yana zuwa yana tafiya har jikina ya kama lokacinsa. Bayan nan in ɗauki ja-gora, mu yi tafiyar kwana biyu ko uku tsakanin ƙauye da ƙauye, mota tana gaba da jarkunan ruwa ta jira mu a zango. In bar wa wani a Nuwakshot ranar da zan fito da abin da zai yi in bai ji ni ba, don waya ba ta kamawa a yawancin hanyar.

Abin da za ka gani ya cancanci wahalar. A watannin sanyi tsuntsaye fiye da miliyan biyu ke sauka a wurin, daga arewacin Turai da Sibiriya da Girinlan, wasunsu ba su kai nauyin ƙwan kaza biyu ba. Lokacin da ruwa ke cikowa ya kore su daga laka, sukan tashi gaba ɗaya kamar hayaƙin gobarar daji, su juya su yi fari, su sake juyawa su yi baƙi. Ga kwasakwasa, ga wasu dogaye masu ruwan hoda suna tsaye a ruwa da ƙafa kamar kara, ga ƙaguwa ta rufe ƙasa har ka ga kamar ƙasar ce ke tafiya. A wasu wuraren za ka hau tudu ka duba ƙarƙashin ƙafarka ka ga ashe ba yashi ba ne, tarin ɓawon katantanwa ne da mutanen da suka ci suka zubar shekaru dubbai da suka wuce. Kada ka matsa wa tsuntsayen don hoto, kitsen da suke tarawa na komawa gida ne, kowane tashi na banza yana rage shi. Tsibiran da suke ƙwai kuma an hana sauka.

Guzuri ka ɗauki wanda ba ya son ruwa da yawa kuma ba ya da gishiri sosai: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, biskit. Kilishi kaɗan, yana jawo ƙishi. Ka sayi shayi da sukari fiye da buƙatarka don gidan da za ka sauka. In akwai mai zuwa daga Tawa kafin tafiyar, ka sa a aiko maka da cuku mai yawa. Ni na kai musu sau ɗaya, suka ba ni busasshen ƙwan kifin da suke sayarwa da tsada, kuma a zuwana na gaba tun ban sauke jaka ba matar gidan ta tambaye ni ina cukun.